Abin da Ake Faɗa Ƙasa-ƙasa

Azahar ta gota, fankar ɗakin awo ta tsaya cik,
wuta ta tafi tun hantsi.
Zafin Sakkwato ya zauna a kan benci
kamar shi ma kati ya yanka.
Ni ce mai farin kaya a nan Mabera,
shekara goma sha tara ina jiran maganar da ba ta son fitowa.

Kulu ta shigo, ta ɗosana a bakin kujera,
ta ce ciwon kai.
Na rubuta ciwon kai, na ajiye biro, na yi shiru.
Ta dubi ƙofa, ta dubi lallen ƙafarta,
can ta ce, "Malama, wajen nan ne. Ƙaiƙayi. Wata biyu."
Wata biyu tana zama cikin ruwan bagaruwa,
tana cusa ƙullin da aka sayar mata a leda,
ba suna, ba ranar lalacewa.

Na ce, Kulu, cikin jikin nan ya san wankin kansa.
Ruwa mai tsabta ya isa, daga waje,
daga gaba zuwa baya, ba a juyawa.
Sabulu mai ƙamshi bar wa wuya da hannuwa.
Kamfai na auduga, ki shanya shi a fili,
ba bayan ƙyaure ba don kunyar ido.
Ranar garin nan da ke gasa mu kyauta,
bari ta yi mana aiki ko guda.
Farin ruwa, in ba wari, ba zafi, ba ƙaiƙayi,
halitta ce, ba cuta ba.
In ya rine, in ya yi ƙarni, in mara ta ɗau ciwo, taho.
Maganin kwana bakwai ba a ajiye shi ran na uku
don an ji dama-dama.
Kuma wani sanyin mutum biyu ke dakonsa,
ki zo min da maigida.

Ta tuntsire cikin mayafi: "Modi? Layin mata?"
Na ce, in kin wanke ƙwarya kin bar ludayi,
tsamin jiya ne zai koma cikin furar yau.

Bayanta Ige, ciki wata bakwai,
zobe ya nutse a yatsa, fuska ta yi suntum,
kai na sara, ido na ganin wuta-wuta.
Wai surukarta ta ce alamar ɗa namiji ne.
Na ɗaura mata abin awo, allura ta haura inda ba na so.
Ban yi wa'azi ba.
Na leƙa titi, na tsai da mai keke da kaina.
Irin wannan, da jini ko ɗigo ne,
ba a kwana da su a gida.

Da layi ya ƙare na ja labule,
na sa yatsu uku a ƙirjina na hagu.
Yana nan.
Kamar ƙwallon magarya, ba zafi, ba motsi.
Sati shida ke nan da na gan shi wurin wanka,
sati shida ina ce wa kaina aiki ya yi yawa,
ni da nake ce wa mata kullum
wanda ba ya ciwo shi ne ba a raina wa.
Ashe kunya da tsoro ba su san farin kaya ba.

Na yanki kati. Laraba, babban asibiti.
Zan zauna a benci kamar kowa,
in aka tambaye ni, Allah Ya sa kada in ce ciwon kai.

Ina kulle ƙofa, la'asar sakaliya,
sai ga wani dogo yana juya makullin babur a yatsa,
yana duban ko'ina ban da fuskata.
"Wai an ce in zo," in ji shi.
Na mai da makullina cikin kwaɗo,
na buɗe.