Gangaren Wurno

Shekara uku ina jan motar nan
da harafi uku kacal:
na tsayuwa, na baya, na gaba.
Can ƙasansu akwai lamba biyu, akwai L,
na ɗauka kwalliya ce,
irin maɓallin rigar da ba a yi wa rami ba.

Kawu Halliru bai taɓa ganin girmanta ba.
Shekara talatin da ɗaya ya yi
yana jan siminti daga Kalambaina,
har ƙafarsa ta hagu ta fi ta dama kauri.
Mota ba kuloci, in ji shi,
tuwo ne ba miya,
ana ci dai don kar a kwana da yunwa.

Ranar, daga Wurno muka taso bayan la'asar,
shinkafa buhu huɗu, albasa biyu,
'ya'yana a baya suna rigima kan rake,
shi kuma a gaba, sanda tsakanin gwiwoyi.
Bayan motar ya sunkuya
kamar mai gaida surukai.

Da hanya ta fara zubewa ƙasa
na ɗora ƙafa kan birki, na bar ta nan.
Na danna. Na ƙara dannawa.
Sai ƙauri ya shigo ta taga,
irin na tukunyar da aka manta a murhu,
birkin ya yi laushi ƙarƙashin takalmina
kamar na taka dafaffiyar kabewa.
Yaran suka daina rigima.

Bai ɗaga murya ba.
"Ke Luba, rage gudu, jawo ta biyu.
Birki baƙo na, kak ki gajiyar da shi.
Inji shi aɗ ɗan gida,
bari shi riƙe kayanai."

Na jawo.
Motar ta yi gurnanin raƙumin da aka ɗora wa gishiri,
allura ta yi tsalle,
zuciyata ta bi ta.
Na ce, Kawu, na kashe ta!
Ya ce, "Kukan aiki na, ba na ciwo ba."
Muka sauka tamkar guga a hannun mai haƙuri,
igiya na bin tafi kaɗan-kaɗan.

A ƙasa ruwa ya ci gefen hanya,
aka karkata mu ta cikin rairayi.
Nan ya nuna L da kan sandarsa.
"Wagga ita ag giyar da ba ta sa maye.
Taka totur awa mai tsoron tada jinjiri."
Tayoyi suka riƙa cizon ƙasa,
loma, loma,
wani mai jaki ya wuce mu yana murmushi,
amma mun fita
ba wanda ya naɗe wando ya tura.

Da muka hau kwalta ya ce in mai da ita gaba:
ba a zama cikin ƙaramar giya
in hanya ta miƙe.

Bana ɓarin jikinsa na hagu ya shanye,
ƙafar kulocin nan mai kauri
ita ta fara ajiye aiki.
Kullum kafin in wuce makaranta
nakan biya ta Mabera
in fito da shi daga ɗaki zuwa zaure.
Taku goma sha tara ne, akwai dakali ɗaya.
Jiya na makara,
idona na kan agogo, hannuna na jan nasa,
sai na ji ya cije, ya tsaya cak.
Bakin ya karkace, magana ba ta fita daidai,
ya ɗaga yatsa ya zana a iska:
tsaye, sannan kwance.

Na ajiye jakata a ƙasa.
Na shigar da kafaɗata ƙarƙashin hammatarsa,
ina jin numfashinsa yana gurnani a kunnena,
muka sauka dakalin.