Kilo Arba'in da Ɗaya

A Kitakyushu, hawa na uku, inda taga ke kallon teku,
aka ajiye mini takarda mai shafi sittin da biyu,
aka ce, Chizuru, ga alkawarin da muka ɗauka,
ke kuma ki nemo mana inda muka yi ƙarya.

Mutum-mutumin na tsaye a lungu, fari tas kamar ƙwai,
hannayensa biyu an naɗe su da soso.
An ƙera shi ya ɗaga tsoho daga gado zuwa kujera,
tunda bayan masu jinya ya gaji,
matasa kuma sun tafi Tokyo, ba waiwaye.

Shafi na tara ya ce zai ɗauki kilo tamanin.
Na ɗora tamanin, ya ɗauka.
Na ƙara biyar, ya tsaya cak, ya yi kuka, ya ƙi.
Na rubuta: ya ci.
Wanda ya san iyakarsa ba ya zubar da kaya.

Shafi na sha bakwai ya ce in an taɓa shi
zai tsaya cikin rabin daƙiƙa.
Na taɓa shi da sanda, da yatsa, da bakin mayafi,
da cokali mai sanyi,
sau ɗari uku, agogo a hannuna,
don nasara ɗaya sa'a ce, biyu ma ƙanwarta ce.

Na malale daɓe da ruwa.
Na yanke wuta yana tsakar ɗagawa.
Na rataya madubi in ruɗa idonsa.
Tokuji, da ya shekara huɗu yana haɗa shi,
ya ce, wai me ya yi miki ne?
Na ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.
Gara ya kunyata a gabana
da ya kunyata da kakar wani a hannu.

Daren Alhamis, ina cin taliya a tsaye,
na tuna mahaifiyata, Fumie, a gidan tsofaffi na Moji.
Nauyinta kilo arba'in da ɗaya.
Na koma takarda, na bi ta layi-layi:
ta faɗi mafi nauyi, ta yi shiru kan mafi sauƙi.
Ta ce zai ɗaga a hankali.
A hankali nawa? Babu lamba.

Na ɗinka buhu, na cika shi da yashin bakin teku,
na yi masa wuya mai lanƙwasa, da ƙafafu marasa ƙarfi,
na sa masa tsohuwar rigar sanyinta.
Mutum-mutumin ya sunkuya, ya sa hannu,
ya yunƙura da ƙarfin da ya tanadar wa tamanin.
Buhun ya yi sama kamar an fizge shi,
wuyan ya karye baya,
yashi ya tsiyaye a kan takalmina.

Ba wanda ya yi magana.
Tokuji ya durƙusa yana tattara yashin da tafinsa.
Bai saɓa wa takarda ba, in ji shi.
Na ce, haka ne. Takardar ce ta saɓa wa tsohuwa.
Na rubuta: ya faɗi.
Hannuna bai yi rawa ba, sai daga baya.

Ran Lahadi na hau jirgin ƙasa zuwa Moji.
Na sa hannu ƙarƙashin kafaɗarta, ɗaya ƙarƙashin gwiwa,
na ɗaga ta ina ƙirga a zuci.
Ta ce, kin cika sauri, tun kina yarinya haka kike.
Na mayar, na sake.
A daƙiƙa bakwai ta daina ƙanƙame wuyana.

Litinin na kai musu lambar a bayan tikiti.
Yanzu takardar shafi sittin da uku ce,
ni kuma ina ɗinke wuyan buhun,
gobe da safe mu sake.