Mai Raba Takardar Ruwa

Ni ne Arzika, mai tsohuwar jakar fata.
Shekara goma sha tara ina taka ƙasar Yelwa
da takardun hukuma a hammata.
Kwara na kwance can gangaren gari,
ta ƙoshi har tana gyatsa a bakin gaɓa,
mu kuwa a tudu muna auna ruwa da moɗa
kamar mai man gyaɗa ranar kasuwa.

Laraba na yi sallama gidan Inna Hantsi.
Ba ta karɓi takardar ba. Hannuna ta kama,
ta ja ni bayan ɗaki inda famfo yake tsaye,
zanzaro ya yi gini a bakinsa.
Ta murɗa. Ya yi tari sau biyu, ya ja numfashi, ya yi shiru.
Ta ce, "Arzika, in iska kuke sayarwa,
rubuta mini nawa ne mudu."
Na sunkuya ina gyara takalmin da bai kwance ba,
don ban iya haɗa ido da tsohuwa.

Da la'asar na bi ta gidan inji.
Nomau na zaune kan duro, yana dukansa da diddige,
duron na amsawa kamar gangar da ba a gayyaci kowa ba.
Ya ce man inji ya ƙare tun watan azumi,
alam saura rabin buhu,
wuta kan leƙo ƙarfe biyun dare
ta koma kafin tanki ya jiƙa leɓe.
Albashinsa ma, in ji shi, yana hanya,
wata uku ke nan yana tahowa.

Gari ya ce ku kawo mu biya.
Ofis ya ce ku biya mu kawo.
Ni ne igiyar da ke tsakani, ana ja ta ko'ina,
ba guga a ƙasa, ba mai ɗagowa.

Yanzu ga sabuwar takarda a allon ofis:
wai za a haɗa mu duka ƙarƙashin kamfani ɗaya na ƙasa,
asusu ɗaya, mita a kowane gida,
a sa kati kamar na waya.
Ban ƙi ba. Wanda ya daɗe a rana ba ya zaɓen inuwa.
Sai dai ina tambaya:
wa ya san, a can sama, bututun bayan tasha
wanda ni da Nomau muka ɗaure da robar taya?
Agwagi sun yi ƙwai a wurin, 'ya'yan sun girma, sun yi nasu.
Wasiƙar gyaransa ta yi sati uku kafin ta kai Birnin Kebbi.
In an ƙara mata nisa, yaushe ne dawowa?

Jiya da dare na zauna da fensir.
Matata Dije na sayen jarka shida kullum wurin mai kura,
kowace naira ɗari biyu.
Na tara na wata, na ajiye kusa da takardar hukuma
mai dubu biyu kacal. Na daɗe ina kallo.
Ashe kuɗin na nan, ba su mutu ba.
Hanya suka sake, suka bi taya biyu
da gumin yaro mai turawa.

Da zan fita gidan Inna Hantsi ta kira ni,
ta buɗe gwangwanin madara a ƙarƙashin gado.
Dubu biyu-biyu, a naɗe da zare, ɗauri goma sha ɗaya.
Ta ce, "Na kowane wata ke nan. Ran da ya ɗiga, zo ka ɗauka."

A littafin ofis akwai layin dalili,
ɗan siriri, kalma biyu yake ɗauka.
Oga ya saba ganin "ta ƙi."
Na lasa bakin biro, na matse rubutu,
na haura layi na shiga na maƙwabcinta:
"Kuɗi a shirye. Mu ake jira, mu da ruwa."