Allon Kafaɗa

Talata, ajin da ke kusa da famfo a Tudun Jukun,
na rubuta ƙashi a allo,
alli ya karye kafin in yi wa ƙ ƙugiya,
yara suka tuntsire da dariya.

Na jawo Dogo daga bayan ƙofa,
ƙwarangwal ɗin roba, muƙamuƙi ɗaure da waya,
yatsu biyu sun ɓace tun kafin a turo ni nan.
Ɗari biyu da shida, na ce, ku riƙe.
Na jariri sun fi haka, girma ke haɗe su.

Sai Kyauta, 'yar maɗorin Ƙofar Gayan,
wadda ba ta taɓa ɗaga hannu ba,
ta taso ta dafa bayansa:
"Malam, allon kafaɗarsa a juye yake.
Da mutum ne, da ba ya barci."

Na dubi littafi, na dubi Dogo.
Shekara tara ina nuna shi a baibai.

Ta kwance, ta mayar, gaɓa ta ce ƙas,
har da yi masa sannu.

Da la'asar, a kan keke wajen Ƙofar Doka,
gwiwata ta hagu ta soma ƙararta.
Yau ban yi mata tsaki ba,
na sauka, muka taka a hankali.