Ba Wuƙa

Shekara talatin da ɗaya ina fawa a Oko-Oba.
Kafin ladanin Agege ya gyara murya
na farke cikin bijimi huɗu.
Na san inda matsarmama ke laɓe a jikin hanta,
'yar jaka koriya mai mugun hali:
tsinin wuƙa ya kuskure ta,
ta ɓata maka cinikin yini.

Wani sa'i mukan tarar da tsakuwa a ciki.
Akwai mai zuwa daga Mushin da ɗan sikeli,
yana auna ta kamar zinariya.
Ban taɓa tambaya ko saniyar ta sha wuya ba.

Sai daminar bana
Lantana ta ce in dubi madubi.
Idanu sun koma ruwan ɗorawa,
fitsari kamar shayin da aka manta a wuta,
ƙaiƙayi har tafin ƙafa.
Na sha saiwa, na sha sassaƙen shawara,
ciwo dai na ƙarƙashin haƙarƙarin dama,
mai bin bashi ya shimfiɗa tabarma.

A Ikeja, Dakta Adebimpe ta zana mini a bayan kati:
ga hanta, ga 'yar hanyar da maɗaci ke bi,
ga dutse ya tsaya a tsaka
kamar danfo da ta mace a gadar Oshodi,
kowa na baya yana jira.
Na ɗage riga na ce, daga ina za ki fara?
Ta yi dariya. Ta ce, Baba Tanimu, ta baki.

Ta baki!
Siririn bututu mai ido da fitila a goshi
ya bi maƙogwaro, ya ratsa tumbi,
ya jefa ɗan kwandon waya, ya kamo ɓarawon.
Haka aka ce mini. Ni ina barci.

Da na farka na laluba ciki.
Ba ɗinki, ba auduga, ba ko ƙwarzane.
Maƙoshi ne kawai ke ƙorafi.
Namadi ya miƙo mini kwalba:
wata 'yar aba, ba ta kai gurjiya ba,
ita ta kwantar da ƙato wata biyu.

Ranar da na koma mayanka
wuƙata ta yi mini faɗi a hannu.
Na daɗe ina kallon bijimin farko.

Da hantsi mai sikeli ya zo.
Na nuna masa kwalbar.
Ya ɗaga ta a rana, ya girgiza,
ya ce ta mutum ba ta da kasuwa.
Na mayar da ita aljihu.