Murfi na Arba'in da Ɗaya

Aikina sauraron ƙasa ne.
Kafin masu shayi su hura wuta na fito,
sanda mai bakin ƙarfe a hannu,
gwangwanin jan fenti a jaka,
littafi a aljihun gaba.

Daga shataletalen Dangi na miƙe Gyaɗi-Gyaɗi,
ina ƙwanƙwasa murafen kwatar da mutane ke takawa
kamar mai zaɓen kankana a Yankaba.
Wanda ya ce ƙam, in wuce.
Wanda ya ce fum, in durƙusa:
ruwa ya cinye masa ciki,
fuskar kawai ta rage.

Duk na san masu laifin.
Saiwar darbejiya, mai ɗaga bulo da kafaɗa,
shekara bakwai tana abu ɗaya, ba ta gaggawa.
Tifar yashi da ta hau don ta juya.
'Yan jari-bola na tsakar dare,
guduma a naɗe cikin tsumma,
suna zare rodi kamar ƙaya daga kifi.

Na arba'in da ɗaya,
daidai ƙofar kemis ɗin Tasalla,
shi ya hana ni barci.
Daminar farko na shafa masa ja, na rubuta.
Ofis ya ce a jira kasafi.
Damina ta biyu ta wanke jan, na sake shafawa.
Ta uku, ya gaji da jira,
ya kwanta cikin kwata.
'Yan layi suka jefa tsohuwar taya a ramin,
suka kafa reshe don masu tafiyar dare.

Ilu mai gyaran rediyo
nan hanyarsa take, a keken hannu mai ƙafa uku.
Kullum ya zo bakin ramin sai ya ja da baya,
ya gangara kwalta,
ya kutsa tsakanin Adaidaita da tirela.
Bai taɓa zagina ba.
Ya dai ɗaga hannu: "Malam Namadi, ya fenti?"
Da zagin ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Takarda ba ta da ƙafa sai an ara mata.
Na ara mata tawa,
tebur zuwa tebur, bene zuwa bene,
har masinja ya haddace tarina.

Wata Talata mota ta tsaya.
Gambo birkila da yara huɗu.
Suka fara yashe kwatar:
baƙin taɓo, ledar ruwa, warin silifa,
da cokalin wani gida.
Aka kafa katako, aka saƙa rodi,
aka kwaɓa yashi da tsakuwa.
Ni na tsaya kan buhunan ina ƙirga,
don siminti yana da fukafukai.

Na ce, "Gambo, kwantar mini da bakin nan,
yadda taya za ta hau."
Ya ce ba ya cikin zane.
Ya dube ni, ya dubi shagon rediyo,
ya sa cokalin gini ya kwantar.

Muka zagaye da igiya. Kwana uku kada a taka.
Tasalla ta ɗauki alkawarin ba shi ruwa
safe da yamma, da butar alwala.

Washegari na zo da takardar karɓar aiki.
Igiya na nan a ɗaure, an dai sake ƙullin.
A kan simintin, sawu uku siri-siri,
sun hau ta inda aka kwantar,
sun miƙe sak, ba kwana,
sun bushe da shi.

Takarda ta tambaya: akwai aibu?
Na ƙwanƙwasa. Ƙam.
Daga cikin shago rediyo na ta shashshaka,
mai shagon bai ɗago kai ba.
Na rubuta: babu.

Na yi taku biyu.
Na arba'in da biyu ya ce fum.
Na buɗe gwangwani.