Maƙwabcin Ƙarfe

Tsakanin tagarmu da jirgin ƙasa taku ashirin ne,
a Bronx, bisa titin Jerome,
inda dogo ke tafiya a sama kan ƙafafun ƙarfe,
motoci na rarrafe a ƙarƙashinsa.

Shekarar farko ban san barci ba.
Kofi na rawa kan tebur, cokali na yi masa amshi.
In ina waya da Inna sai in ce dakata ya wuce,
ta ce, wannan maƙwabcin naka ba ya gajiya?

A shekara ta biyu na sayar wa Talle motata,
tsohuwa mai tari da asuba.
Na gaji da sauka in matsar da ita
duk ranar da ake share titi,
na gaji da takardar tara maƙale a gilashi.
Ya ƙirgo kuɗin, ya dube ni
kamar wanda ya kai ƙafarsa kasuwa.

Ai kuwa ƙafar ce ta dawo mini.
Matakala arba'in da ɗaya, kati a hannu, ƙofa ta buɗe.
Na daina tambayar nisan wuri,
tasha nawa ce, shi ke nan.
Asibitin da nake goge daɓe, tasha tara.
Mahauci, biyu.
Gidan da Lantana ta haihu sai an canza jirgi,
shi ya sa tun ranar suna ban koma ba.

Talle ya tare a bayan gari, ya sami ciyawa da shiru.
Ko gishiri ya ƙare masa sai ya tada mota.
Ranar da dusar ƙanƙara ta binne ta
ya kira ni yana haki, shebur a hannu,
ni kuwa ina tsaye, na riƙe sandar ƙarfe,
kafaɗata na gogar wata tsohuwa mai jaridar Sifaniyanci.
Ba ta san sunana ba,
amma in tashata ta zo, matsawa take yi.

'Yata Ladidi ba ruwanta da kudu da arewa,
launin layi ta sani: kore gida, ja gidan kawu.
Ta ce, Baba, a garinku
wane jirgi ake hawa zuwa gona?

Jiya aka tsayar da shi don gyara.
Dare ya yi tsit.
Na juya, na sake juyawa,
ƙarfe uku sai ga ni a bakin taga,
ina jiran wanda ya taɓa hana ni barci
ya zo ya lallashe ni.